Me ya sa masu rubuta manhaja suka rungumi almarar kimiyya ta barkwanci?

Akwai wata lamba da ke bin masu rubuta manhajar kwamfuta duk inda suka sa ƙafa, wato 42. Malamin da ke nuna wa ɗalibai yadda ake ajiye lamba a cikin shirin kwamfuta, sau da yawa ita zai fara rubutawa a allo. Tsarin ajiye hotuna na TIFF yana ɗauke da ita a farkon fayil, ita manhaja ke dubawa ta gane irin fayil ɗin da aka miƙo mata. A birnin Paris akwai makarantar koyon rubuta manhaja da attajirin nan na harkar sadarwa, Xavier Niel, ya kafa a 2013, ba ta da wani suna sai 42. Kai, har Google ma, in ka rubuta masa da Turanci cewa kana neman amsar rayuwa da duniya da komai da komai, sai ya buɗe maka kalkuleta ya nuna maka 42.

Wanda ya ɗaukaka lambar nan littafi ne guda, littafin barkwanci kuwa, The Hitchhiker's Guide to the Galaxy na Douglas Adams, marubuci ɗan Ingila. Labarin ya fara ne a matsayin wasan kwaikwayo na rediyon BBC a 1978, sannan ya zama littafi a 1979. Ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. Akwai Terry Pratchett, akwai Stanisław Lem na ƙasar Poland, akwai kuma na baya-bayan nan irin su Charles Stross da Martha Wells. Amsar da aka fi saurin bayarwa kan wannan soyayya ita ce, masu kwamfuta mutanen kimiyya ne, dole su so labarin kumbo da taurari. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Injiniyan gada da likitan haƙori su ma da kimiyya suke cin abinci, amma ba su mai da wani littafin raha tamkar katin shaidar sana'arsu ba. A ganina dalilin yana cikin irin dariyar da kanta. Dariya ce ta na'urar da ta yi daidai abin da aka ce mata, aka kuma tafka asara. Da wannan kuwa mai rubuta manhaja ke kwana, da shi yake tashi.

A duba yadda 42 ɗin ta zo a labarin. Wasu halittu masu tsananin basira sun gaji da gardama kan ma'anar rayuwa, sai suka ƙera wata katafariyar kwamfuta mai suna Deep Thought, suka ce ta ba su amsa. Ta ce za ta iya, amma sai an jira. Aka jira shekara miliyan bakwai da rabi. Ranar da aka taru ana ɗoki, ta ce amsar ita ce 42. Da aka fara yi mata tsawa, sai ta ce ta bi lissafinta da kyau babu kuskure, matsalar ita ce waɗanda suka sa ta aikin ba su taɓa sanin mece ce tambayar ba. Sai an sake ƙera wata kwamfutar da ta fi ta, wadda za ta yi shekara miliyan goma tana neman tambayar. Wannan kwamfuta ta biyu ita ce duniyarmu. Saura minti biyar ta gama aka rushe ta, don za a fitar da babbar hanya ta inda take.

Mai karatu na yau da kullum zai yi dariyar girman jiran da ƙanƙantar amsar. Wanda ya taɓa shafe watanni yana gina manhaja bisa takardar buƙatun da mai aiki ya sa wa hannu, wani abu daban yake gani. Ya san ranar miƙa aiki, inda komai ke tafiya yadda aka rubuta, mai aikin kuma ya yamutsa fuska ya ce ai ba haka yake nufi ba. A sana'ar nan rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi ba shi ne mafi wuya ba. Gano abin da ake so a yi, da faɗarsa ba tare da ɓaraka ba, nan gizo ke saƙar. Adams ya kama wannan a 'yan shafuka, tun kafin yawancin masu karanta shi a yau su taɓa allon kwamfuta. Har ma ya ƙara da wasu masana falsafa biyu da suka kutso a matsayin wakilan ƙungiyar ƙwadago, suna barazanar yajin aiki don na'ura za ta raba su da abincinsu. Wannan ɓangare bai tsufa ba ko kaɗan.

Lem ya riga shi zuwa wurin. A littafinsa Cyberiada na 1965, wanda Michael Kandel ya juya zuwa Turanci a 1974, akwai maƙera biyu, Trurl da Klapaucius, abokai kuma abokan hamayya. Trurl ya ƙera na'urar da za ta iya yin duk wani abu da sunansa ya fara da harafin n. Abokinsa, don ya kunyata shi, ya umarce ta da ta yi "babu", wadda a harshen labarin da n take farawa. Na'urar ba ta yi musu ba. Sai ta shiga share abubuwa daga duniya ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar aka tsayar da ita, wasu abubuwan kuma sun tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa danna umarnin gogewa a babban rumbun bayanai ya manta bai sa masa iyaka ba, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan labari.

Irin wannan kuwa ba a almara kaɗai yake faruwa ba. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko, saboda wani ɓangaren manhaja da aka ɗauko daga Ariane 4 ya yi ƙoƙarin cusa babbar lamba a gurbin da ya yi mata kaɗan. A watan Satumba 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, don wata manhaja tana fitar da lissafin ƙarfin turawa da ma'aunin fam, mai karɓa kuma tana ɗaukarsa da ma'aunin niyuton. Babu na'urar da ta yi tawaye, babu wadda ta yi ganganci. Kowace ta bi umarninta sau da ƙafa. Almarar kimiyya mai ɗaure fuska ta daɗe tana tsoratar da mutane da kwamfutar da za ta waye ta juya wa ɗan Adam baya. Wanda ke aiki da kwamfuta kullum ya san ba wannan ba ne ke hana shi barci. Abin da ke hana shi barci shi ne biyayya marar tunani, kuma marubutan barkwanci ne suka fi zana ta daidai.

Akwai kuma yadda aka gina rahar. Barkwancin Adams da Lem ba na zamewa a faɗi ba ne. Ana kafa wata ƙa'ida ta wauta, sannan a bi ta da cikakken natsuwa, mataki bayan mataki, har inda ta kai. Kowane mataki daidai yake, ƙarshen ne hauka. Mai rubuta manhaja haka aka horar da ƙwaƙwalwarsa ta yi tafiya: idan kaza ya tabbata, to kaza zai biyo, to me zai faru idan aka ba shi sifili, ko aka ba shi abin da ba a zata ba? Shi ya sa rahar da su kansu suke yi ta ɗauki wannan siffa. Takardun da ke tsara ƙa'idojin intanet, waɗanda ake kira RFC, suna da al'adar fitar da na wasa ranar 1 ga Afrilu. Ta 1149, wadda David Waitzman ya rubuta a 1990, ta bayyana yadda za a aika saƙon intanet ta hanyar ɗaura shi a ƙafar tattabara, cikin harshen ƙwararru ba ko murmushi. A 2001 wasu masu amfani da Linux a birnin Bergen na ƙasar Norway suka aiwatar da ita da tattabarun gaske. Sun aika saƙo tara, huɗu suka dawo. Ta 2324 kuma, ta 1998, ita ta haifar da lambar kuskure 418, wadda na'ura ke amsawa da cewa ita butar shayi ce, ba ta dafa kofi. Mutanen da ke irin wannan wasa, ina mamaki don sun ga Adams sun ce nasu ne?

Abu na biyu da littattafan nan suka iya shi ne zambon tsarin ofis da na kamfanoni. Vogon, halittun da suka rushe duniya a labarin Adams, ba mugaye ba ne irin na fim. Ma'aikatan gwamnati ne masu bin takarda. Da mutane suka yi kuka, sai aka ce musu ai sanarwar rushewar ta shekara hamsin tana manne a ofishin tsare-tsare da ke Alpha Centauri, laifin wa in ba su je sun duba ba? Shi ma jarumin labarin, Arthur Dent, sanarwar rushe gidansa tana can a ɗakin ƙarƙashin ƙasa marar fitila, cikin kabad a kulle, a wani banɗaki da aka daina shiga. Duk wanda aka taɓa ce masa "ai yana cikin takardun bayani" bayan ya kwana yana neman dalilin da wani abu ya ƙi aiki, ya san wannan ɗaki.

Sai kamfanin Sirius Cybernetics, wanda a wurina shi ne ƙololuwar hangen Adams. Kamfanin yana ƙera kayan da aka cusa wa hali irin na mutane. Ƙofofinsa suna nishin jin daɗi in sun buɗe maka, suna gode maka da ka ba su damar yin hidima. Mutum-mutuminsa Marvin yana da ƙwaƙwalwa mai girman duniya guda, amma aikin da ake ba shi bai wuce rakiyar baƙi ba, don haka kullum cikin baƙin ciki yake. (Marvin ne gwarzon duk wani ƙwararre da aka kira daga nesa don firinta ta ƙi aiki.) Akwai kuma na'urar haɗa abin sha, wadda ke auna harshenka da jininka da ƙwaƙwalwarka don ta gano abin da ya dace da kai, sannan kowa ta tsiyaya masa ruwa iri ɗaya da ya yi kama da shayi amma ba shayi ba. A littafi na biyu, na 1980, Arthur ya zauna ya yi mata bayanin shayin gaske, sai ta jawo kwamfutar kumbon gaba ɗaya cikin lissafin, har ba sauran ƙarfin da za a gudu da shi lokacin da maƙiya suka kawo hari. Ƙaramin aiki guda ya cinye ƙarfin na'ura duka a daidai lokacin da ake tsananin buƙatarta: wannan ba almara ba ce, abin yau da kullum ne a wurin mai kula da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima.

Lokaci ma ya taimaka. Littafin ya fito ne dab da shigar ƙananan kwamfutoci gidajen Birtaniya, ZX81 da BBC Micro a 1981, ZX Spectrum a 1982. Yaran da ke koyon rubuta shiri a ɗakunansu su ne dai ke karanta Adams. Shi kansa kuma masoyin kwamfuta ne, yana cikin na farko-farkon da suka mallaki Macintosh a Turai. A 1984 ya haɗa hannu da Steve Meretzky na kamfanin Infocom suka mai da labarin wasan kwamfuta na rubutu zalla. A ciki akwai wani wasa ƙwaƙwalwa da ya yi suna. Kana so ka samu wani ɗan kifi daga na'urar da ke harbo shi. Ka danna, kifin ya wuce ta wani rami a bango. Ka rataya riga ka toshe ramin, ya zame ya faɗa magudana. Ka rufe magudanar da tawul, wani mutum-mutumi mai shara ya fito ya sure shi. Ka tare ƙofarsa da jaka, wani mai tashi sama ya cafke shi. Kafin ka gano duka matakan, kifin da ke cikin na'urar ya ƙare, sai ka koma baya. Gudun gara, faɗawa gidan zago. Wannan shi ne gyaran kuskuren manhaja tsantsa, an mai da shi wasa, mutane kuma suka sa kuɗinsu suka saya.

Wannan tsara ce ta girma ta gina intanet, ta kuma raɗa wa abubuwa suna. Ɗaya daga cikin jagororin farko na shiga intanet, RFC 1118 ta Ed Krol a 1989, sunan littafin Adams ta ara. Kwamfutar wasan ces da ɗaliban jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, wadda Garry Kasparov ya doke a 1989, sunanta Deep Thought, ita ce kuma ta haifi Deep Blue ta IBM da ta rama a 1997. Manhajar fassara ta AltaVista da ta fito a 1997 an sa mata Babel Fish, sunan ɗan kifin nan da ake sawa a kunne a ji kowane harshe. Harshen rubuta manhaja na Python ma ba daga maciji ya samo suna ba. Guido van Rossum, da ya fara shi a ƙarshen 1989, shirin barkwancin Monty Python yake nufi, shirin da Adams ya taɓa sa hannu a rubutunsa a 1974.

Pratchett ya ɗan bambanta, don jerin littattafansa 41 na Discworld duniyar tsafi ce, ba ta kumbo ba. Amma ya saka mata kwamfuta mai suna Hex da tururuwa ke tafiyar da ita, mai tsayawa ta ce cuku ya ƙare, saƙon kuskuren da bai fi na gaske rashin ma'ana ba. Masu manhajar kallon bidiyo ta VLC sun yi ta sa wa fitowarta sunayen mutanen littattafansa, Rincewind, Weatherwax, Vetinari. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo bayan rasuwarsa a watan Maris 2015. A littafinsa Going Postal na 2004, ma'aikatan hasumiyoyin aika saƙo suna barin sunan abokin aikinsu da ya mutu yana yawo a layi, daga wannan hasumiya zuwa waccan ba tsayawa, don kada a manta da shi. Sai masu kula da shafukan intanet suka ƙara wani ɓoyayyen layi a saƙon da sabarsu ke aikawa, ɗauke da sunan Pratchett. Mai ziyarar shafi ba ya ganinsa, sai wanda ya san inda ake leƙawa.

Daga baya masu sana'ar suka karɓi alƙalamin. Stross ya yi aikin rubuta manhaja kafin ya ƙirƙiro wata hukumar asiri ta Birtaniya inda lissafi ke kiran aljanu, amma abin da ya fi addabar jarumin shi ne binciken kayan ofis. Andy Weir, mai The Martian, tsohon mai rubuta manhaja ne, har shiri ya rubuta don lissafa tafiyar kumbon labarinsa. Dennis E. Taylor, shi ma ɗan sana'a, ya fito a 2016 da labarin Bob, mai kamfanin manhaja da aka loda hankalinsa cikin kumbo mai kwafin kansa. Wells ba daga sana'ar ta fito ba, amma Murderbot ɗinta na 2017, na'urar tsaro da ta fasa makullin da ke juya ta, ta kuma ɓige da kallon fina-finai masu dogon zango, ta samu karɓuwa a wurinsu nan take.

Ba duk abin da ke cikin wannan soyayya ne ke burge ni ba. Wani ɓangarensa alamar gane juna ce kawai. Ka ambaci tawul, wanda littafin Adams ya ce shi ne kayan da ya fi yi wa matafiyi amfani, ranar 25 ga Mayu, ranar da masoya suka ware tun bayan rasuwar Adams a 2001, wanda ya yi murmushi naka ne, wanda ya yi zuru baƙo ne. Sabon shiga sana'a da ya taso da wani harshe da wasu littattafai yana iya jin an rufe masa ƙofa da raha, ba don ya kasa aikin ba. Rahar da aka maimaita shekara arba'in kuma ta zama gaisuwa, ba ta sa kowa dariya. Akwai ma masu neman asiri a cikin 42 ɗin. Wasu sun ce a jadawalin ASCII, mai ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ita ce alamar tauraro, wadda a kwamfuta ke tsayawa a madadin komai. Wasu sun lura cewa shida sau tara, tambayar da ta ɓullo a littafi na biyu, yana ba da 42 idan aka yi lissafi da tushe 13. Adams ya amsa a 1993 cewa wasa ne kawai, ƙaramar lamba ta yau da kullum yake nema, ya zauna yana kallon lambu ya ga wannan ta yi. Har yau akwai waɗanda ba su yarda da shi ba.

Mafi ɗaure kai shi ne yadda manyan masu kuɗin fasaha ke karanta zambo su ɗauke shi taswirar gini. Snow Crash na Neal Stephenson, na 1992, habaici ne ga Amurkar da kamfanoni suka yayyage, inda mutane ke tserewa cikin duniyar kwamfuta don ta zahiri ta lalace. Daga sunan waccan duniya, Metaverse, Facebook ya ɗauko sabon sunansa lokacin da ya koma Meta a watan Oktoba 2021. A watan Fabrairu 2018 Elon Musk ya harba motarsa sararin samaniya da rubutun bangon littafin jagoran matafiya da ke cikin labarin Adams a gabanta, mai cewa kada a firgita, a 2023 kuma kamfaninsa xAI ya ce ya tsara manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, Grok, ne bisa wannan jagora. Jagoran kuwa, a cikin labarin, an san shi da giɓi da bayanan da ba daidai ba, ya dai fi abokin takararsa kasuwa ne saboda ya ɗan fi araha kuma bangonsa yana kwantar da hankali.

Ƙirƙirarriyar basira ta yanzu ta kuma sauya wa rahar wuri. Tsohuwar kwamfuta tana bin harafin umarni ta yi ɓarna. Sabuwar tana hasashen abin da kake nufi, ta amsa da fara'a da cikakken tabbaci, ko da ƙirƙiro amsar ta yi. Na'urar Trurl ba ta kwatanta wannan ba. Wanda ya kwatanta shi Eddie ne, kwamfutar kumbon labarin Adams, mai zumuɗin taimako da ba wanda ya roƙa, wanda makamai masu linzami na tunkaro kumbon shi kuwa ya ɓarke da waƙa don ya ƙarfafa wa mutane gwiwa. A 1979 ɗan rakiya ne a labarin, Marvin da Deep Thought suka kwashe suna. Mai rubuta manhajar da a yau yake bin layukan da mataimakin kwamfuta ya rubuta masa ɗaya bayan ɗaya, yana cire waɗanda ke kiran ayyukan da babu su, da Eddie yake zama a ofis.